Yadda Ɗan Madarumfa Zai Shiga Ƙungiyar Masana Kufai

Bara da kaka, wani ƙanena da ke koyar da tarihi ya same ni da ƙullin tsumma a hannu. Da ya kwance sai ga wani dutse baƙi sumul, mai baki kamar na gatari, tsawonsa bai kai tafin hannu ba. Tare da shi akwai tsingaro huɗu masu zanen igiya a wuya, da dunƙulen kashin maƙera mai nauyi. Ɗalibansa ne suka tsinto su a gaɓar da ruwan damina ya zaftare. Dutsen dai kowa ya san sunansa, gatarin aradu, kuma tun muna yara ake ce mana tsawa ke jefo shi. Masana sun tabbatar hannun ɗan Adam ne ya wasa shi. Ƙanen nawa ya ce, "Yaya, wa zan kai wa wannan? Wa zai gaya mini shekarunsa?"

Amsar da na ba shi ita zan faɗaɗa a nan, don na san ba shi kaɗai ke da irin wannan ƙulli ba. Ilimin kufai, wanda a jami'a ake ce wa arkiyoloji, ya daɗe da wuce tonon rami da kallon ido. Gawayi sai ya je ɗakin gwaji kafin a san shekarunsa. Kashin maƙera sai an yanka shi siriri an duba a madubin ƙara girma kafin a gane irin tamar da aka narka da zafin wutar da ta narka ta. Ƙashin mamaci yana iya nuna irin cimar da mai shi ya rayu a kanta. Babu irin waɗannan na'urori a Madarumfa, kuma ko farfesa ne bai mallake su duka ba. Masu su da masu neman su a ƙungiya suke haɗuwa. Wanda ke waje sai ya yi ta aika wasiƙa shiru. Wanda ke ciki kuwa sunansa na cikin rajista, an san malaminsa, an ga fuskarsa a taro, in ya ƙwanƙwasa akan buɗe masa.

Mu kuma muna da dalilin ƙwanƙwasawa. Tun 2006 Nijar ta sa tafkin Madarumfa da dajinsa da kaburburan waliyyai 99 cikin jerin wuraren da take fatan UNESCO ta karɓa a matsayin gadon duniya. Ƙasar nan tamu ƙasar Katsina ce tun kafin a ja iyaka. Can gabas da birnin Katsina, kusa da Mani, akwai Durɓi Takusheyi, inda wani Bature, Palmer, ya tona a 1907, aka sake tonawa a 1992, aka kai kayan birnin Mainz na Jamus aka gyara aka auna. An samu zinariya da awarwaron hauren giwa da wuri da tasar ƙarfe da ta fito daga ƙasashen gabas, a kaburburan da suka kama daga wajen ƙarni na 14 zuwa na 16. A jihar Damagaram akwai Kufan Kanawa, mai ganuwa, wanda tarihin baka ya ce daga nan Kanawa suka tashi. Masaniya Anne Haour ta yi aiki a wurin har ta fitar da littafi a 2003. Tsakanin irin waɗannan wurare muke noma muke kiwo. Abin da ke ƙarƙashin gonakin kwarin Gulbin Maraɗi yana buƙatar ɗan gari mai ilimi, wanda kuma masana suka sani.

Ƙungiyoyin suna da dama, kuma hawa-hawa suke. Wadda ta fi kusa da mu ita ce Ƙungiyar Masana Kufai ta Afirka ta Yamma, masu Faransanci na ce mata AOAA, masu Ingilishi na ce mata WAAA. A Enugu aka kafa ta a 1976, da harsunan biyu take aiki, tarukanta kuma kewaya ƙasashen yankin suke yi. Sama da ita akwai ta Afirka baki ɗaya, PAA, wadda ta samo asali daga taron da Louis Leakey ya kira a Nairobi a 1947. Ta taɓa zama a Jos a 1983, ta zauna a Dakar a 2010, a Rabat a 2018, a Zanzibar a 2022. Sai SAfA, ta masu binciken kufan Afirka ko'ina suke a duniya, mai taro duk shekara biyu, galibi a Turai ko Amurka. Mujallarta, wadda aka fara a 1972, sunanta Nyame Akuma, wato gatarin Ubangiji da harshen Akan na Gana. Dutsen nan ne dai na cikin ƙullin ƙanena: abin da muka jingina wa aradu, su ma sama suka jingina wa. Daga ƙarshe akwai SAS, da aka kafa a Amurka a 1977 musamman don masu aikin awo da gwaji, masu haɗa kimiyyar sinadarai da ta duwatsu da ta halittu da binciken tarihi.

Shawarata, a fara da AOAA. A nan za ka tarar da malaman Yamai da na Zariya da Ibadan da Wagadugu da Kwatano, mutanen da tukwanensu suka yi kama da naka, waɗanda kuma za ka iya kai wa ziyara a mota. In hali ya samu ka ƙara da SAfA saboda mujallarta da tallafinta. SAS kuwa ka bar ta sai ka tabbata hanyar ɗakin gwaji ka nufa. Mai karatun sinadarai ko ilimin ƙasa a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, wanda tarihi ya shiga ransa, shi ta fi yi wa amfani. Kada kuma ka manta da ƙungiyar masana kufai ta Najeriya. Katsina da Zariya sun fi mana Dakar kusa, kuma inda Faransancinka da Ingilishinsu suka cije, Hausa za ta warware.

Kafin ka taɓa takardar neman shiga, nemi malami. Wannan shi ne matakin da matasa ke tsallakewa, kuma shi ya fi kowane nauyi. A Nijar cibiyar wannan ilimi ita ce IRSH, Cibiyar Binciken Kimiyyar Ɗan Adam ta jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, inda sashen tarihin kufai yake. Rubuta wa ɗaya daga cikin malaman wasiƙa gajeriya: ga ni, ga garinmu, ga abin da na karanta, ga abin da na gani a wuri kaza, ga hotuna. Kada ka cika ta da kirari. In ka je Yamai ka kai kanka, ka gaishe su, ka shiga gidan tarihi na Bubu Hama ka kalli kayan da ke ciki da idon mai koyo. Wasu ƙungiyoyin sukan nemi sa hannun malami kafin su ba ka rangwamen ɗalibi, kuma ko ba su nema ba, ranar da za ka nemi kuɗin mota zuwa taro sai an tambayi wanda ya san ka.

Daga nan sai ka tanadi kayanka wuri guda: katin ɗalibta na bana in kai ɗalibi ne, ko takardar wurin aiki, taƙaitaccen tarihin karatunka da bai wuce shafi ɗaya ba, da adireshin imel mai ɗauke da sunanka na gaskiya, wanda kake buɗewa a kai a kai. Na ga wanda ya rasa tallafin tafiya don wasiƙar ta kwana sati uku a akwatin da ya manta kalmar sirrinsa. Rubuta sunanka yadda yake a fasfo, harafi da harafi. In fasfo ya ce Mahamadou, kada ka rubuta Muhammadu, don takardar gayyata da wannan sunan za ta fito, ofishin biza kuma ba ya jin bayani.

Takardar kanta a shafin intanet na ƙungiyar take, ba ta da wuya. Wuri biyu ne ke son natsuwa. Na farko rukunin da za ka zaɓa. Akwai na cikakken ma'aikaci, akwai na ɗalibi, ƙungiyoyin duniya kuma sukan rage wa mazauna Afirka kuɗi. Zaɓi wanda ya dace da kai tsakani da Allah. Malamin makaranta da ya gama karatu kada ya ce shi ɗalibi ne don ragi, duniyar masanan nan ƙarama ce, kowa ya san kowa. Na biyu gurbin da ake tambayar fannin da kake sha'awa. Masu shirya taro da masu neman abokan aiki nan suke dubawa. Wanda ya rubuta "tarihin Afirka" bai ce kome ba. Wanda ya rubuta "narkar tama da ginin tukwane a kwarin Gulbin Maraɗi" ya kafa tuta, duk mai aiki a kan ƙarfen ƙasar Hausa zai tsaya a kan sunansa.

Biyan kuɗi shi ne inda jaki ke turjewa. Kuɗin shekara ne, kuma yakan canza, saboda haka ka karanta adadin a shafin ƙungiyar ranar da za ka biya. In da yuro aka rubuta lissafin a tsaye yake: yuro ɗaya sefa 655.957, wato yuro goma jika shida da rabi da ɗoriya kaɗan, ban da ladan banki. Dalar Amurka kuwa hawa da sauka take yi. Ƙungiyoyin waje da katin banki ake biyan su, yawancin matasanmu kuma ba su da shi. Akwai hanya uku. Ka yanki katin da ake zuba wa kuɗi a ɗaya daga bankunan Maraɗi, ka tabbatar an buɗe masa sayayya ta intanet. Ko ku haɗu ku uku ko huɗu, malami mai kati ya biya muku, amma kowa da sunansa da rasiɗinsa. Ko ka rubuta wa ma'ajin ƙungiya kai tsaye ka gaya masa halin da kake ciki. Wannan ba abin kunya ba ne, sun saba, wani lokaci akan yarda a biya hannu da hannu a wurin taro. Abin da ban yarda da shi ba shi ne tura kuɗi ga wani da ya ɓullo a WhatsApp ya ce shi wakili ne. Duba sunan ma'aji a shafin ƙungiya. Rasiɗi kuma ka buga shi a takarda ka adana.

To, an karɓe ka. Yanzu aikin ya fara, kuma a nan nake so in daɗe, don katin zama ɗan ƙungiya ya ruɗi mutane da yawa. Katin nan ba izinin tono ba ne. A Nijar doka mai lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997 ita ke kare kayan gadon ƙasa, kuma babu mai sa magirbi a kufai da sunan bincike sai da izinin hukuma. Fitar da samfuri zuwa ɗakin gwaji na waje ma sai da takarda. A Najeriya hukumar gidajen tarihi da aka kafa a 1979 ke riƙe da wannan iko. Ƙasashen biyu sun shiga yarjejeniyar UNESCO ta 1970 mai hana fataucin kayan tarihi tun 1972. Ƙungiyoyin ma suna da ƙa'idojin ɗa'a, kuma jigonsu ɗaya ne: ɗan ƙungiya ba ya saye, ba ya sayarwa, ba ya yi wa dillali ƙiyasin farashi.

Wanda yake ganin tsanani ya yi yawa ya tuna da Bura, can wajen Tera. A 1975 aka gano wurin, Bube Gado na IRSH ya tona shi bisa ƙa'ida a 1983, aka samu tulunan binne mamata sama da 600, da mutum-mutumin mahayin dokin nan da ya yi suna. Da aka baje kayan a Faransa a shekarun 1990, masu kuɗin Turai suka ƙyalla ido, sai aka auka wa kufan yankin da haƙa dare da rana. A shekara ta 2000 sai da majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Bura cikin jan jerinta na abubuwan da ake sacewa. Tulun da aka fizge daga ƙasa aka sayar ya zama ado a falon wani, ba ya sauran magana: ba a san zurfin da ya fito ba, ba a san me ke gefensa ba, gawayin da zai faɗi shekarunsa an watsar da shi tare da turɓaya. Ba na son in ga wannan a Madarumfa, kuma talauci yana nan, dillalai ma suna nan.

Akwai aiki mai yawa da ɗan ƙungiya zai yi ba tare da ya tona ko taƙi ɗaya ba. Ka fara da gaisuwa wurin mai gari da mai gona da liman, ka faɗi abin da ya kawo ka, sai da ɗan gari akan ci gari. Ka zagaya bayan girbi, lokacin da ƙasa ta fito fili. Inda ka ga tsingaro ya yi yawa, ko tudun toka, ko tarin kashin maƙera, ko alamar tsohuwar marina, ka tsaya. Ɗauki lambobin wurin da GPS na wayarka. Ɗauki hoto da ma'auni a gefe, ko biro ne, kibiya kuma tana nuna arewa. Rubuta sunan da mutanen wurin ke kiran filin, da abin da tsofaffi suka ce game da shi, da sunan wanda ya faɗa in ya yarda. Bar kayan inda suke. Littafin da ke ɗauke da wurare ashirin da aka rubuta haka ya fi buhun tsingaro daraja a wurin kowane masani. Kaburburan waliyyai kuwa wurin ziyara ne da addu'a. Iyakarka da su taswira da tarihin baka, shi ma da yardar masu kula da su.

In Allah ya sa malaminka ya samu izini ya ɗauke ka aikin tono, ga abin da za ka riƙe game da gawayi, don shi ne agogon wannan sana'a. Duk abu mai rai yana ɗauke da wani nau'in kabon da ake kira kabon 14. Da ya mutu sai ya fara raguwa, rabinsa na tafiya cikin shekara 5,730, kuma da ragowar ake lissafin shekaru har zuwa wajen 50,000. Willard Libby ya gano hanyar a ƙarshen shekarun 1940. Shaihu Anta Diop ya kafa ɗakin irin wannan gwaji a Dakar a shekarun 1960. Da bakin cokalin gini mai tsabta ake ɗaukar gawayin, a naɗe shi a takardar alminiyom, a sa a leda in ya bushe. Ba a shan taba a bakin rami. Lambar rami da zurfi da kwanan wata a rubuta su nan take, tun ran gini tun ran zane. Sannan ƙonanniyar ƙwayar gero guda ta fi dunƙulen gawayin ƙirya amfani. Ƙirya, itacen da maƙera suka fi so, tana iya yin shekaru masu yawa a tsaye kafin a sare ta, sai gwaji ya ba ka shekarun itacen a maimakon ranar da aka hura wutar. Gero kuwa shekara guda ya yi a duniya. Irin wannan sani a hirar ƴan ƙungiya ake tsintarsa tun kafin a kai ga littafi, kuma gwajin da tsada, samfuri ɗaya da aka ɓata asara ce babba.

Taro shi ne kasuwar ƙungiya. Watanni kafin ranar akan yi shelar neman maƙaloli, a ce kowa ya aiko da tsakuren abin da zai gabatar, galibi kalmomi 200 zuwa 300. Faɗi wurin, da abin da ka yi, da abin da ka samu, da abin da kake tsammani yana nufi. Ba malaminka ya duba kafin ka aika. Sabon shiga ya nemi gabatar da allon bango: babbar takarda ce mai taswira da hotuna, kana tsaye gefenta mutane na zuwa suna tambaya ɗaya bayan ɗaya, ya fi tsayawa gaban zaure sauƙi, kuma a nan ake ƙulla zumunci. Tallafin tafiya yana da tasa ranar rufewa, sau da yawa kafin ta rajista, kuma sai wanda ya biya kuɗin shekara ake dubawa. In an yi zaman majalisar ƙungiya ka shiga ka zauna, kana da ƙuri'a. A nan ake yanke inda za a yi taro na gaba da yadda za a raba tallafi, kujerar ƴan Nijar kuma bai kamata ta zauna wayam ba.

Ko ba ka samu zuwa taro ba, Nyame Akuma tana karɓar gajerun rahotannin aikin fili da Faransanci ko Ingilishi, sau biyu take fitowa a shekara. Rahoto mai shafi biyar kan kufan da ka zagaya, da sa hannun malaminka, ya isa ya sa sunan Madarumfa a inda masana ke dubawa. In ya fito, ka mai da shi Hausa, ka koma ƙofar mai garin da ya ba ka izini ka karanta musu. Su ne masu kayan.

Ƙullin ƙanena yanzu yana cikin kwali a makarantarsu, kowane yanki da lambarsa, an rubuta sunan gaɓar da ranar da aka tsinto, an aika hotunan Yamai. Kai ma in kana da irinsa a ɗaki, kada ka kankare shi, kada ka nuna wa dillali. Rubuta inda ya fito tun kana tune, ka sanar da hukumar al'adu ta jiha, sannan ka zauna yau ɗin nan ka rubuta wa malamin wasiƙar.